ROBA A CIKIN INJIN MOTOCIN ALFARMA: TSADAR SAYE DA GAJARTAR KWANA



Batun wannan lacca shi ne wata matsala da ta daɗe tana damun masu manyan motocin nan na alfarma da a ke kira jif, watau irin su Range Rover ta Ingila, da Porsche Cayenne da BMW X5 na Jamus. Motoci ne waɗanda kuɗin guda ɗaya ya isa ya gina gida, amma sau da yawa abin da kan tsayar da su a gefen hanya, har ya kai ga injin ya buga, bai wuce wani ɗan bututun roba ba, wanda yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya. Abin tambaya a nan shi ne dalilin da ya sa kamfanonin da suka fi kowa sanin ƙarfe da ƙira suka yarda su ɗora ran inji a kan roba, da kuma wanda a ke bari da biyan hasarar idan robar ta gaza.

Kalmomi biyu

Kafin a shiga cikin inji, ya kamata a tsaya a kan kalmomi biyu, domin dukansu baƙi ne a Hausa, kuma kowace ta faɗaɗa ma'anarta bayan ta shigo. Ta farko ita ce jif. Asalinta ƙaramar motar sojan Amurka ce ta Yaƙin Duniya na Biyu, mota marar ƙofa, marar ado, wadda aka yi domin ta ratsa taɓo da yashi. Yau kuwa duk wata mota mai tudu, mai jan ƙafa huɗu, jif ce a bakin jama'a, ko da kujerunta na fata ne masu yi wa mutum tausa.

Ta biyu ita ce roba. Bahaushe yana da kalmarsa ta danƙo, amma ya ari roba daga Turanci, sa'an nan ya ɗora mata kayan da ba nata ba. Taya roba ce, tiyo roba ne, haka kuma bokiti da buta da kujerar biki. A wurin masana sinadarai kuwa waɗannan abubuwa biyu ne dabam: akwai mai talewa ya koma yadda ya ke, akwai kuma mai tauri da a ke narkawa a zuba a cikin mazubi, watau filastik. Irin wannan ya faru da kalmar leda, wadda a Turanci fata ta ke nufi, amma a Hausa ta koma jakar da a ke ƙulla sukari. Robar da wannan lacca ta fi damuwa da ita ita ce mai taurin. Haɗa su da aka yi a suna ɗaya yana da illa, gama idan makanike ya ce wa mai mota wata roba ce ta fashe, sai mai motar ya ɗauka ƙaramin abu ne, alhali kuwa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Daga motar gona zuwa motar fada

A shekarar 1970 kamfanin Rover ya fito da Range Rover daga masana'antarsa ta Solihull a Ingila. Ƙofa biyu gare ta, da injin alminiyam mai silinda takwas wanda asalinsa na kamfanin Buick ne na Amurka. An yi mata daɓen ciki na roba domin manomi ya iya wanke taɓo da tiyo. Sai a 1981 kamfanin ya yi mai ƙofa huɗu, a 1987 kuma ta shiga kasuwar Amurka, inda aka gane cewa attajiran birni na son mota mai tudu ko da ba za su taɓa sauka daga kwalta ba. Daga nan kowa ya shigo: Mercedes ML da Lincoln Navigator a 1997, Lexus RX a 1998, BMW X5 a 1999, Porsche Cayenne a 2002, Audi Q7 a 2005. Abin lura a wannan ɗan tarihi shi ne, a 1970 robar tana ƙarƙashin ƙafar direba ne, inda ba ta iya yin ɓarna, bayan shekara talatin kuwa sai ga ta a cikin injin kansa.

Abin da ya kai roba cikin inji

Ba daidai ba ne a ce rowa ce kaɗai ta kawo wannan canji. Dalili na farko shi ne nauyi. Bayan rikicin man fetur na 1973, Amurka ta kafa doka a 1975 wadda ta tilasta wa kamfanoni rage shan man motocinsu. Tarayyar Turai ta bi da nata dokokin hayaƙi daga 1992, kana a 2009 ta sa iyaka ga iskar kabon da motocin kowane kamfani za su fitar, iyakar da ta sauko zuwa giram 95 a kowace kilomita a 2021, tare da tarar Yuro 95 a kan kowane giram ɗaya da ya haura, a kan kowace mota da aka sayar. Kamfanin da ke ƙera jif mai nauyin fiye da tan biyu dole ya nemi inda zai zaftare nauyi ko ta halin ƙaƙa. Robar da a ke amfani da ita a inji nauyinta kusan rabin na alminiyam ne, kuma bai kai kashi ɗaya bisa biyar na baƙin ƙarfe ba.

Dalili na biyu shi ne sauƙin ƙira. Abin da da sai an zuba ƙarfe, an goge, an huda, an haɗa guntaye biyar da kusoshi, yanzu na'ura kan tura narkakkiyar roba cikin mazubi, ya fito guda ɗaya da maƙalansa da ramukansa cikin ɗan lokaci kaɗan. Roba ba ta tsatsa, ba ta ɗaukar zafi kamar ƙarfe, tana kuma rage ƙara. A waɗansu wurare, kamar hanyar da iska ke bi ta shiga inji, ta ma fi ƙarfe dacewa, sabo da cikinta sumul ya ke.

Dalili na uku shi ne kuɗi, kuma a nan ne sunan wani mutumin Sifen, José Ignacio López, ya shiga tarihin mota. Shi ne shugaban sashen saye-saye na General Motors a 1992, ya kuma koma Volkswagen a 1993, lamarin da ya jawo shari'a mai zafi tsakanin kamfanonin biyu har Volkswagen ya biya dala miliyan 100 a 1997. Abin da aka san shi da shi shi ne matsa wa ƙananan kamfanonin da ke ƙera kayan mota lamba su rage farashi kowace shekara, ko a kai cinikin wani wuri. Mai ƙera bututu da aka ce ya rage farashi ba shi da inda zai cire kuɗin sai a kaurin bututun ko a ingancin robar. Jamusawa har sun ƙirƙiri kalma daga sunansa, Lopez-Effekt, suna nufin lalacewar inganci da kan biyo bayan irin wannan matsi. Ba shi kaɗai ya yi ba, amma shi harshe ya zaɓa ya riƙe, kamar yadda Hausa kan laƙa wa shekarar yunwa suna. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: idan an rage dala ɗaya a kan abu ɗaya, a cikin mota miliyan ɗaya an sami dala miliyan ɗaya.

Yadda ruwa ke warware abin da aka ƙulla

Robar da aka fi amfani da ita a hanyoyin ruwan inji ita ce nailan, wadda Wallace Carothers ya haɗa a kamfanin DuPont na Amurka a 1935. A kan cakuɗa ta da siraran zaruruwan gilashi, galibi kamar kashi 30 cikin ɗari, domin ta ƙara ƙarfi. Ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 260, sabo da haka idan an duba a takarda, ruwan inji mai digiri 100 bai isa ya yi mata kome ba. Matsalar tana wani wuri dabam.

Ana yin nailan ne ta hanyar sarƙa ƙwayoyin sinadarai iri biyu, ɗaya bayan ɗaya, su zama dogayen zaruruwa kamar carbi. A kowace mahaɗa, sa'ad da ƙwayoyin biyu suka kama juna, ƙwayar ruwa guda ta kan fita. Watau da fitar ruwa aka ƙulla ta. To, idan aka jiƙa ta a cikin ruwan zafi shekara da shekaru, ruwan nan kan koma mahaɗar da ya fito ya tsinke ta. Dogayen zaruruwa su zama gajeru, robar da ke da jurewa ta zama mai gautsi. Daga ciki ruwan zafi da sinadarin gilaikol da ke cikinsa suna ci, daga waje kuma iska mai zafi tana gasawa. Makanikai sun san alamar ko da ba su san sunan abin ba: baƙar roba ta koma ruwan ƙasa, in an kama bakin bututun da filaya sai ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli.

Masana sinadarai suna da wani ƙiyasi da su ke aiki da shi, cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 ya kan kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Wannan ƙiyasi shi ne mabuɗin al'amarin gaba ɗaya, domin a daidai lokacin da a ke cusa roba cikin inji, a lokacin ne kuma a ke ƙara wa injin zafi da gangan. Tsofaffin injuna kan yi aiki da ruwa mai digiri 80 da ɗoriya. Amma inji mai zafi ya fi ƙona mai sosai, ya kuma fi rage hayaƙi, sabo da haka tun daga tsakiyar shekarun 1990 BMW ya fara sa wa manyan injunansa tamostat mai aiki da kwamfuta, wanda kan bar ruwa ya haura digiri 100 idan motar ba ta cikin aiki mai nauyi. Abin da ke hana ruwan tafasa shi ne matsin da aka kulle shi a ciki. Ga zafi, ga matsi, sa'an nan ga kumbura da tsukewa duk sa'ad da aka tayar da mota aka kashe. Roba da alminiyam ɗin da aka ɗaure ta a jikinsa ba sa kumbura daidai da juna, don haka kullum akwai ja-in-ja a wurin da suka haɗu, da kuma a kan layin da aka manne ɓari biyu na bututun.

Akwai kuma bambanci a yadda abubuwan biyu ke mutuwa. Ƙarfe ya kan yi gargaɗi: ya fara tsattsafo, ya bar tabo, mai mota ya ga ɗigo a ƙasa da safe. Robar da ta yi gautsi sau da yawa darewa ta ke yi gaba ɗaya. Da zarar ta dare matsi ya sauka, ruwan da ya riga ya wuce digiri 100 ya zama tururi nan take, cikin mintoci kaɗan inji ya bushe. Injin alminiyam kuwa ba ya jure haka, murfin silinda ya kan lanƙwashe, gaskit ya ƙone. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne allurar zafi da ke gaban direba a motocin zamani an tsara ta ta zauna a tsakiya ba motsi, domin kada ta tayar wa mai mota hankali, waɗansu motocin ma babu allurar sam. Kafin fitilar gargaɗi ta kama, sau da yawa aikin gama ya gama.

Misalai daga Jamus da Ingila

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Porsche Cayenne mai silinda takwas, ƙirar 2003 zuwa 2006. Injin irin wannan yana da layi biyu na silinda da suka buɗe sama kamar gwafa, tsakaninsu akwai kwari. A cikin wannan kwari, ƙarƙashin manifol, inda ido ba ya gani kuma zafi ya fi taruwa, Porsche ya shimfiɗa bututan ruwa na nailan. A wurin kuma ya ajiye kik ɗin tayar da mota. Idan bututu ya fashe, ruwa kan malale kik, ya gangara baya ya sami hatimin da ke tsakanin inji da giya, sai matsala ɗaya ta haifi uku. Daga baya kamfanin ya fito da bututan alminiyam a madadinsu, abin da ya nuna ya san inda cutar ta ke, amma mai mota ne ke biyan kuɗin canjin idan garanti ya ƙare. Masu motocin a Amurka suka kai ƙara, aka tattara ƙararrakin a kotun tarayya da ke jihar Ohio a 2011, aka kammala sulhu a 2014 bisa sharaɗin kamfanin ya mayar da wani kaso na kuɗin gyara gwargwadon tafiyar da motar ta yi.

Na biyu shi ne injin N20 na BMW, mai silinda huɗu, wanda aka sa wa X1 da X3 da waɗansu motocin kamfanin daga 2011. A nan ruwa ba shi da laifi. A cikin kowane inji akwai sarƙa ko bel da ke daidaita motsin fistin da na bawul, domin kada su haɗu. An daɗe ana gaya wa masu saye cewa sarƙa ta fi bel, tun da ba a canja ta har ƙarshen ran mota. Gaskiya ne sarƙar ƙarfe ce, amma a kan dogayen sanduna na roba ta ke gudu, a cikin baƙin mai mai zafi. A wannan inji sandunan kan karye, guntayensu su faɗa kaskon mai su toshe matsotsar famfo, sarƙa ta yi sako-sako ta tsallake haƙori, fistin ya doki bawul. BMW ya canja ƙirar kayan a 2015, ya tsawaita garantinsu zuwa shekara 7 ko mil 70,000, amma duk da haka an kai shi ƙara a kotun tarayya ta New Jersey a 2017, aka kuma ƙare da sulhu.

Babban injinsa N63, wanda ya fara fitowa a X6 a 2008, ya nuna abin da zafi kan yi. An ɗauki na'urorin turbo guda biyu, waɗanda hayaƙi mai tsananin zafi ke juyawa, aka dasa su a cikin kwarin nan na tsakiya domin motar ta amsa totur da sauri. Ta kuwa amsa. Amma duk tiyo da bututu da hatimi da ke kewaye da wurin sun zama kamar tsire a bakin wuta, har a 2014 kamfanin ya kira masu motocin a Amurka ya canja musu kaya da dama, ya kuma rage tazarar juyen baƙin mai.

Range Rover ma, wadda ta bi hannun BMW a 1994, da Ford a 2000, da Tata na Indiya a 2008, ba ta tsira ba. Injinta mai lita 5 da ya fito a 2009 yana da bututan ruwa na roba a gaba da bayansa, waɗanda aka san su da darewa ta kan layin manni, kuma isa gare su sai an kwance abubuwa da yawa daga saman injin. Har yau akwai ƙananan kamfanoni da cinikinsu ke nan, ƙera na alminiyam a madadinsu.

Adalci ga roba

A wannan inji na Range Rover akwai wani abu da ya kamata masu zagin roba su yi la'akari da shi. Sarƙarsa ma ta yi suna wajen sako-sako, amma a nan alminiyam ne ya gaza: wani ɗan turmin ƙarfe da ke tokare sandar sarƙa ya riƙa cin bayan sandar har ya yi rami, sai da aka dasa mata ƙarfe mai tauri a wurin. Haka kuma a Cayenne da suka biyo baya an sami bututan da aka manne da gam suna zamewa daga mazauninsu. A ɗaya gefen kuma, motocin Toyota da Lexus cike su ke da roba, lagireto da manifol duka, amma ba su yi irin wannan suna ba, ko da ya ke su ma a 2010 sun kira motoci masu silinda shida, har da Lexus RX 350, domin canja wani tiyon baƙin mai da ke fashewa. Bambancin yana wajen irin robar da aka zaɓa, da kaurinta, da zafin da aka bar ta a ciki, da kuma inda aka ajiye ta. Akwai robobi da suka fi nailan jure ruwan zafi nesa ba kusa ba, injiniyoyi sun san su, sai dai sun fi tsada.

Laifin da ya tabbata, ke nan, shi ne ɗaukar abu mai ƙayyadadden kwana a binne shi a inda ba a iya dubawa, a kuma bar shi ba a rubuta ranar canjinsa a littafin kula da mota ba. Bel ɗin taimin ma roba ne, amma ba wanda ya kira shi yaudara, domin an gaya wa kowa ya canja shi bayan tafiya kaza. Bututun da ke ƙarƙashin manifol kuwa an bar mai mota ya ɗauka zai rayu muddin injin na raye.

Kura da shan bugu

Waɗansu kan ce wannan duk makirci ne, an shirya motar ta mutu domin a sayi sabuwa. Suna da hujja a tarihi, domin a 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, har da Osram da Philips, sun haɗu a Janiba suka ƙulla yarjejeniyar kada ƙwai ya wuce awa 1,000. Amma a batun mota ba a bukatar makirci kafin a fahimci abin da ke faruwa, duban wanda ya sayi motar sabuwa ya wadatar. A Amurka garantin irin waɗannan motoci galibi shekara 4 ne ko mil 50,000, kuma da yawa daga masu hawansu ba saye su ke yi ba, haya su ke ɗauka ta shekara uku su mayar. Wannan mutum shi ne abokin cinikin kamfani. Abin da ya ke biya shi ne laushin kujera, da ƙarfin inji, da shirun ciki, da kallon da za a yi masa a ƙofar otal. Bututun da zai fashe a shekara ta takwas ba ya cikin lissafinsa, sabo da haka bai cika shiga lissafin mai ƙira ba. Tsadar motar ba alkawarin tsawon rai ba ce, ko da ya ke mai saye na biyu da na uku haka su ke fassara ta.

Masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi bayani tun a 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci, inda mai sayarwa ya san aibin motarsa mai saye bai sani ba, sai rashin yarda ya karya farashin mai kyau da marar kyau baki ɗaya. Manyan jif na alfarma suna cikin motocin da darajarsu ta fi saurin faɗuwa. Wannan faɗuwa ita ce ke jawo mai matsakaicin hali, ya ga motar da da sai a mafarki ta sauko daidai aljihunsa. Abin da bai sauko ba shi ne kuɗin gyaranta, gama awoyin da makanike zai yi yana kwance saman inji ba su san motar ta tsufa ba.

Inda motocin kan ƙare

Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa waɗansu ƙasashe, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka zo. Ta tashoshin Ikko da Kwatano su ke shigowa, har a Hausa a kan kira irin wannan mota 'yar Kwatano ko Beljiyam. Jif ɗin da ta iso Kano ko Sakkwato ko Maraɗi tana da shekara goma ta iso ne daidai lokacin da robarta ta cinye yawancin kwanakinta, ta kuma tarar da bazarar da zafinta kan haura digiri 40, ga cunkoso, ga na'urar sanyaya ciki tana aiki ba hutu. Idan an tuna da ƙiyasin nan na digiri 10, ba abin mamaki ba ne ɗan abin da ya rage mata ya ƙare da wuri.

Masu gyara kuma sun gaji wata al'ada ce dabam. Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 lagiretonta na jan ƙarfe da tagulla ne. In ya huje mai lagireto ya kankare, ya ɗiga dalma, mota ta koma hanya, a kuma yi haka sau da yawa. Hikimar Panteka da Ƙofar Ruwa a kan ƙarfe aka gina ta, abin da a ke iya bugawa, a walda, a liƙe. Nailan da ruwa ya riga ya tsinke zaruruwanta ba ta karɓar wannan magani. A kan shafa mata gam ko a narke bakin tsagar da ƙarfe mai zafi, ta riƙe kwana biyu, sa'an nan ta ɓalle a gefen ɗinkin, domin ba tsagar kaɗai ta ruɓe ba, jikin ne duka. Sayen na gwanjo daga injin da aka farke ma ba mafita ba ce, tun da sa'an wanda ya fashe ne, shekarunsu ɗaya, wuta ɗaya suka sha.

Akwai kuma al'adu biyu da suka yi wa tsofaffin motoci amfani ko aƙalla ba su kashe su ba, amma su ke cutar da na yanzu. Ɗaya ita ce zuba ruwan famfo ko na rijiya tsura a lagireto, wanda ya fi ruwan sanyaya inji saurin tafasa, yana kuma cin alminiyam ya bar ƙanzo a hanyoyin ruwa. Ɗayar ita ce cire tamostat da sunan an yi shi ne domin ƙasashen sanyi. A injin da kwamfuta ke sarrafawa, cire shi kan sa kwamfutar ta ɗauka injin bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara masa fetur, shan mai ya ƙaru, baƙin mai ya tsinke. Abin da ƙwararrun masu gyaran waɗannan motoci a Turai da Amurka su ke yi shi ne ɗaukar dukan kayan ruwa, watau tankin ruwa, da gidan tamostat, da famfo, da bututai, a matsayin kayan da a ke canjawa tare tun ba su fashe ba, da zarar mota ta tsufa ko ta canja hannu, a kuma sa na alminiyam inda akwai mai inganci, domin shi ma akwai na jabu da ba ya zama daidai a mazauninsa.

Game da diyya kuwa, sulhun da aka yi a Ohio da New Jersey ya shafi waɗanda suka saya ko suka yi hayar motocin a Amurka ne, kuma an ɗaure shi da shekaru da yawan tafiya. A shari'ar BMW iyakar ita ce shekara 8 ko mil 100,000, watau kimanin kilomita 160,000. Mafi yawan motocin da a ke saukewa daga jirgin ruwa a Ikko da Kwatano sun wuce ɗaya daga cikin iyakokin nan biyu tun kafin a ɗora su.